Shanuna lafiya lau suke aiki a jigawa, amma da mun shiga fadama sai ɗaya ya durƙushe, meye matsalar?

Mai Shanun Huɗa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da damina. Dan Allah masu sanin harkar shanun noma ku ba ni shawara, abin ya fara damuna sosai.

Ina da bijimai biyu farare, Bunaji, sa'annin juna ne kuma tare aka hore su, bana damina ta biyu kenan suna huɗa. Ƙauyenmu yana tsakanin Kaugama da Auyo, gonakinmu na gida duk jigawa ce, kuma Alhamdulillahi a can ba ni da kuka da su ko kaɗan, in muka ɗaura garma bayan sallar asuba kafin hantsi ya ɗaga mun ci wuri mai yawa, su dawo gida su sha ruwa su kwanta suna tuƙa abinsu. To da na gama tawa huɗar sai wasu masu gonakin fadama suka ce in zo in musu aiki su biya, kun dai san yanda kuɗin tarakta ya koma, kowa shanu yake nema. Shinkafa za su shuka saboda haka ba kunya suke so ba kaftu suke so, sai suka ba ni garmarsu mai fiffike ɗaya na ajiye tawa a gida. Muka yi ciniki a kan eka, suka ɗan ɗora min wani abu a kan kuɗin huɗa.

Tunda muka shiga fadamar nan abu ya canja. Wurin da nisa, sai mun taka sosai kafin mu isa, rana ta riga ta fito kafin mu ɗaura, ƙasar kuma baƙar laka ce wani wurin ma ruwa bai gama tsanewa ba. Na daman, wato mai bin kwarin da garma ta buɗe, ko awa biyu ba ya yi sai ya fara haki baki buɗe, miyau na dalala, ya riƙa tsayawa, jiya kam durƙushewa yai a tsakiyar gona sai da muka kwance karkiya muka ja shi inuwa. Na hagun yana jurewa amma shi ma na ga haƙarƙarinsa sun fara fitowa. Abinci ban rage musu komai ba, ragowar karan dawa da 'yar harawa da dusa da yamma, yanda muka saba.

Kowa da abin da yake faɗa min. Wani ya ce ƙyuya ce a ƙara masa bulala, wani ya ce baki ne, wani kuma ya ce in ba shi ƙwaya irin wadda masu amalanke ke bayarwa zai miƙe garau. Ni abin da ya ɗaure min kai, eka ai eka ce, shanun su ne dai ba a canja ba, me ya sa aikin da suke cinyewa a safiya ɗaya a tudu ya gagare su a nan? In rabu da na daman ne in nemo wani, ko akwai abin da ban gane ba?

Dan Maigatari:

Wslm. Oga ni dai a ganina san nan bashi da zuciya ne, akwai irinsu, zaka gansu da girman jiki amma in aiki yayi tsauri sai su ajiye maka. Tun bai kara ramewa ba ka kawoshi Maigatari ranar alhamis ka cika kudi ka dauki Bokolo ko jan Azawak mai kashi, yanzu damina ce shanun huda na da daraja bazakayi asara ba. Allah ya rufa asiri

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam. Malam dan Allah kada ka rabu da san nan tukuna, bulalar ma a ajiye ta. San da yai damina guda yana huɗa ba matsala, bana ma ya gama maka gonakinka lafiya, ba rana tsaka zai koyi ƙyuya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne maganar nan da kai cewa eka ai eka ce. A wurin mai gona haka ne, a wurin sa kuwa sam ba haka ba ne.

Mu fara da lissafin tafiya kawai. In kana huɗa da garma mai fikafikai biyu irin Emcot ɗin nan da muka saba da ita, tsakanin kunya da kunya santimita 75, to kafin ka gama hekta ɗaya, wato kusan eka biyu da rabi, kowane sa ya taka kilomita 13 da 'yan kai, banda juyawa a kan gona. Ita kuwa garma mai fiffike ɗaya abin da take yankawa a zuwa guda bai wuce santimita 25 ba, wannan hektar dai sai sun taka kilomita 40. Ninki uku kenan, tun ba mu zo maganar laka ba. Sa a bakin aiki kuwa tafiyarsa ba ta wuce kilomita biyu da rabi zuwa uku a awa, sai ka raba ka ga awa nawa kake nema daga gare su.

Na biyu, mutane na zaton ƙarfin sa duk a jan garma yake ƙarewa, alhali babban kaso a tafiyar kanta yake tafiya, domin jikinsa yake ɗauke da shi, kilo 300 ko fiye, kowane taku sai ya biya shi da abin da ya ci. Kuma kuɗin takun ya danganta da abin da ya taka. An auna wannan, ba hasashe ba ne. A shekarun 1990 masu bincike sun yi aiki a kan Bunaji irin naka a jihar Kaduna, ƙarƙashin cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ILCA, suka sa wa shanun wani takunkumi mai na'ura da ke auna iskar da suke shaƙa suna cikin tafiya, tunda yawan iskar shi ke nuna yawan abincin da jiki ke ƙonawa. Abin da ya fito, sa mai tafiya a kan ƙasar da aka riga aka kafce yana ƙona kusan ninki biyu na mai tafiya a kan wadda garma ba ta taɓa ba, in kuma fadama ce jiƙaƙƙiya aka kafce ta abin ya haura ninki huɗu na tudun da ba a taɓa ba. An yi makamancin wannan awon a Sadore kusa da Yamai, a cibiyar binciken noma ta ICRISAT, can ma tafiya a kan rairayin da aka kafce ta ninka ta kan hanyar burji. Kai kanka ka gwada tafiya a kan burji sannan ka sauka yashin rafi da buhu a ka, nisan ɗaya ne amma gwiwarka za ta gaya maka bambancin.

To ka dubi na damanka. Shi ke cikin kwari, kwarin kuma siriri ne, nan ruwa ke taruwa, nan santsi yake, rabin takunsa a kan lakar da aka kifar yake faɗawa, kofato ya nutse ya zaro ya nutse ya zaro, shi kuwa na hagu yana kan ƙasar da ciyawa ke riƙe da ita. Karkiya ɗaya suke ciki amma ba aiki ɗaya suke yi ba. A huɗar tudu ba ka ga haka ba saboda duk juyawa gefen na canjawa, kuma jigawa ba ta riƙe ƙafa.

Na uku nauyin garmar. Abin da aka sani shi ne sa yana iya jure jan abin da ya kai kamar kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na nauyin jikinsa in aikin na awanni ne. Naka biyun in kowanne kilo 300 ne, ka ga wajen kilo 60 zuwa 70 kenan su biyun. Zai iya fizgar abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, amma na ɗan lokaci, shi ya sa mutane ke ruɗuwa su ce ai ga shi ya ja ɗazu. Laka kuwa ba ta da tsakiya mai faɗi, in ta bushe tauri, in ta jiƙe da yawa ta manne wa fiffike garma ta koma tana tura ƙasa maimakon ta yanka. Kafin ka ɗaura ka ɗebo ƙasar daga zurfin da garma za ta kai ka dunƙula a hannu, in ka matsa ta marmashe to lokaci yayi, in ta mulmulu tana sheƙi tana bin yatsa ka ba ta kwana ɗaya ko biyu. Mai gona zai yi ƙorafi amma gonarsa ma kake ceto, lakar da aka kafce a jiƙe hoge take yi in ta bushe.

Sai zafi. Cikin ƙarfin da tsokar sa ke ƙonawa wajen ja, kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai ke zama aiki, sauran zafi yake zama a cikin jiki dole ya fitar da shi ta gumi da numfashi, ga kuma zafin da tumbi ke yi yana sarrafa kara. A tudu ka gama kafin rana tai ƙarfi. A nan kuwa kana farawa a lokacin da da kake shirin tashi, fadama kuma gumi ne da ita, iska ba ta kaɗawa sosai, gumin ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Hakin nan na baki buɗe da ka gani ba taurin kai ba ne, jikinsa ne ya kai maƙura.

Shawarata, ka raba aikin biyu, sanyin safiya da bayan la'asar, duka kada ya wuce awa huɗu zuwa biyar a rana, a wannan lakar ma ƙasa da haka. In da hali ka nemi wurin da za su kwana kusa da gonar, tafiyar zuwa da dawowa ita ma daga cikinsu take fita. Kuma ka riƙa canja musu gefe, yau wannan a kwari gobe wancan.

Tsohon Manomi:

Salamu alaikum. Ɗana ke rubuta min ina faɗa masa. Malamin Gona Allah ya ƙara ilimi, kusan duk abin da ka faɗa haka muka gan shi a gona tun muna yara muna jan igiya a gaba. Abu ɗaya ne zan ja da kai, maganar canja gefe. San da aka hora a dama ya saba da dama, in ka mai da shi hagu rana ɗaya a tsakiyar aiki sai dai ku wuni kuna faɗa, su riƙa buɗewa suna jan juna, wannan gajiyar ta fi ta kwarin. Canjin gefe da rani ake koya musu da gungume ko amalanke ba kaya, ba da damina a gonar mutane ba. Bana dai abin da zai yi, ya matsar da inda sarƙa ke kama karkiya kaɗan zuwa wajen na hagun, kamar faɗin yatsa biyu ko uku, nauyin zai fi karkata ga mai tafiya a busasshen wuri, na kwarin ya samu sauƙi.

Kai kuma yarona, garmar aro ba a ɗaura ta sai an duba. Ka shafa haƙorinta, in ya dakushe ya yi kauri kamar bayan wuƙa to ba yanka take ba, kai wa maƙeri ya buɗe shi, kuɗin kaɗan ne. Ka duba tayar gaba tana juyawa ko ja take a ƙasa, laka na toshe ta. Ka duba sarƙa, in ta cika tsawo garma nutsewa take tana neman zurfin da ba ka sa ta ba, in ta gajarce kuma baki take ɗagawa kai kana dannawa ta baya, duk a wuyan shanu abin ke ƙarewa. Garmar da aka daidaita da hannu ɗaya ma za ka bi ta. In ka ga kai mai riƙo kana jiƙewa da gumi kana kokawa da ita to ka tabbata su na gaba sun fi ka shan wuya. Shinkafa kuma ba ta neman zurfi mai yawa, kamu guda bai ma cika ba ya isa, kada mai gona ya sa ka luma garma dan ya ga baƙar ƙasa ta fito ya ji daɗi.

Karkiya ita ma ka shafa ta, kada ta zama da ƙulli ko kaifi inda take zama gaban tozo. Kullum in ka kwance ka taɓa wuyan, in ya yi zafi ko gashi ya fara zubewa to miki na tafe, sa mai ciwon wuya kuwa noƙewa yake, ɗan'uwansa ya ɗauki kayan, sai ka rasa biyun.

Sannan yaron da ke kora. Yaran yanzu sauri suke so, a yi ihu a zabga bulala shanu su zabura su ruga, nan da nan su tsaya, a sake dukansu. Wannan fizge-fizgen ya fi cin ƙarfi a kan tafiya ɗaya sannu a hankali ba tsayawa. In kun kai kan gona a ba su ɗan lokaci su ja numfashi, in sun yi kamar rabin awa a tsaya sosai a kankare lakar fiffike, a juya su su fuskanci iska. Kuma mu ji tsoron Allah a kan dabbobin nan, kowa ya san hadisin raƙumin da ya kai kuka wajen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa mai shi yana barinsa da yunwa yana kuma wahalar da shi. Su ba su da bakin faɗa, hakin shi ne maganarsu.

Mai Shanun Huɗa:

Malam na gode, Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. Wallahi lissafin kilomita 13 da 40 ɗin nan shi ya fi tsaya min a rai. Garmar zan kai ta wajen maƙeri in sha Allah, sarƙar ma tasu ce ta fi tawa tsawo. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba, na daman yana ɗan zawo tunda suka fara cin sabuwar ciyawa, kuma da rani a bakin fadamar nan yara ke kai su kiwo su sha ruwa a kududdufi. In muka dawo daga aiki ma ba ya cin karan sosai, sai ya tsaya kawai. Me ya kamata in ƙara musu a abinci? Kuma maganar ƙwayar nan fa, akwai illa?

Ɗan Gulbin Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina gaisuwa. Abin da Malam ya hwaɗi gaskiya ne, mu nan muna da ƙasa iri biyu kusa da juna, tudu rairai ne zalla, cikin gulbi kuwa wajen Jiratawa laka ce mai nauyi, kuma duk mai shanu ya san ba kuɗi guda aka biya ba. Ni aikina ya hi yawa ga amalanke, shi ya sa nike so in ƙara wani abu, don abin guda ne.

Jakin da ka jan buhu huɗu bisa hanyar burji shina kaɗa kunne, in kunka sauka cikin rairai da kayan nan sai ka ga ya tsaya cik, ba kayan ne sunka ƙaru ba, taya ce ta nutse, ƙahwa ta nutse. Bisa hanya mai tauri taya ta so iska sosai, in ta yi laushi kamar ka ƙara mishi buhu ne, cikin rairai mai zurhi kuwa in anka rage iskar kaɗan ta hi hawa bisa. Gindin taya in ba girisi shi ma ci shikai. Kuma amalanke mai taya biyu sikeli ne, kaya in sunka yi gaba da yawa bayan dabba ka ɗauka, in sunka yi baya su ɗaga ta ƙahwa ba ta kama ƙasa. Hawan tudu kuwa ko kaɗan ne kada a raina shi, dabba na ɗaga kanta ta ɗaga kaya, nan ne ya kamata mai amalanke shi sauka shi tura, ba shi zamna bisa buhu shina duka ba.

Ga ɗan Maigatari da ya ce a sake sa, ni ban yarda ba. Azawak namu ne mun san shi, shina da haƙurin rana da tahiya, amma ka sa shi cikin kwarin nan da rana tsaka shi ma gurhwanawa za shi yi. Kowace dabba da wurinta. Jaki in anka duba ƙanƙantarshi ya hi sa ja, kuma ya hi shi jure ƙishirwa, amma kaftun laka ya hi ƙarhinshi. Raƙumi kuwa Allah ya yi mishi wata baiwa, in ruwa ya yi ƙaranci zahin jikinshi kan tashi daga wajen 34 da sahe har ya kai 40 da rana bai damu ba, da dare shi sauke, ta haka shika tsimin ruwa. Sa ba shi iya wannan. Amma raƙumin ka kai shi laka mai santsi ka gani, tahin ƙahwarshi ba na nan ba ne, shina iya tsagewa. Saboda haka ɗan'uwa ka riƙe shanunka, aikin za ka auna musu.

Likitar Dabbobi:

Wa alaikumus salam Malam. Bayaninka na biyu yana da muhimmanci, domin duk abin da su Baba suka faɗa daidai ne amma akwai yiwuwar aikin fadamar ya tono wani abu ne da ke ɓoye. Shanun da ke kiwo a bakin fadamun Haɗeja da rani suna yawan kamuwa da ciwon hanta, tsutsar tana bi ta jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan ta maƙale a ciyawar bakin kududdufi. Ita da sammore duk jini suke ragewa, jini kuwa shi ke kai iska ga tsoka. Sa mai ƙarancin jini zai iya aikin jigawa na safiya ba ka gane komai ba, ranar da aiki ya ninka sai ya faɗi. Ka buɗe fatar idonsa ta ƙasa ka kwatanta da ta ɗan'uwansa, in ta yi fari fat maimakon ja-ja, ko ka ga kumburi mai ruwa a ƙarƙashin haɓa, ka kai shi asibitin dabbobi a duba jini da kashi. Kada a yi ta ɗirka masa allura da ka, maganin hanta daban na sammore daban, kuma da nauyin jiki ake auna su.

Ƙwaya kuwa dan girman Allah a'a. Tramol da ake ba shanu da jakuna ba ya ƙara ƙarfi ko ƙwayar zarra, ciwo da gajiya kawai yake rufewa, dabbar ta ci gaba da aiki bayan jikinta ya ce a tsaya, shi ya sa wasu ke faɗuwa ba su tashi. Haka allurar deksa da ake yi dan sa ya yi kyan gani, garkuwar jiki take karyawa, in da sammore a kwance sai ya taso.

Ka koyi karanta numfashinsa. Sa mai lafiya a hutu zafin jikinsa 38 zuwa 39 ne, numfashi kamar 10 zuwa 30 a minti. In aiki yai aiki dole ya ƙaru, wannan ba komai, amma da ka ga baki a buɗe harshe waje, kai a ƙasa, ƙafa na harɗewa, a kwance karkiya nan take, inuwa, a zuba masa ruwa a wuya da ƙafafu, in numfashin ya lafa a ba shi ya sha. In an huta kusan rabin awa bai dawo daidai ba aikin ranar ya ƙare. Ruwa kuma a ba su kafin a ɗaura da lokacin hutu, maganar cewa sa mai aiki ba ya shan ruwa sai an tashi ba ta da tushe, irin naka zai sha lita 30 zuwa 40 a rana, da zafi ma fiye.

Abinci. Ranar aiki buƙatar sa kan ƙaru da kamar kashi 30 zuwa 80 cikin ɗari a kan ranar da yake zaune, ya danganta da tsananin aikin. Matsalar ita ce cikinsa ba ya ƙaruwa. Sa mai kilo 300 busasshen abincin da zai iya ci a rana bai wuce kilo 6 zuwa 7 da rabi ba, in kara ne zalla ma bai kai haka ba dan yana daɗewa a tumbi, kuma yana buƙatar awanni masu yawa na tuƙa, ga shi aiki ya cinye masa safiya, zafi ya kashe masa sha'awar ci da rana. Saboda haka ba yawan kara za ka ƙara ba, ingancin za ka ɗaga. Harawar wake ko ta gyaɗa, kowa, dusa, ƙulin auduga ko na gyaɗa kamar kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rana, ka fara da kaɗan kana ƙarawa, sai gishiri ko kanwa. Ka ba su mai yawan da yamma da dare lokacin da gari yai sanyi. Kada ka juye masa hatsi da yawa lokaci guda dan tausayi, kumburin ciki zai kawo. Sabuwar ciyawar farkon damina kuma kusan duk ruwa ce, ita ke kawo zawon, ka fara ba shi busasshe kafin ya fita kiwo.

Gaskiyar magana ko me ka ba su sai sun ɗan rame a lokacin aiki, kitsen da suka tara suke ci, kuma suna mayarwa in aiki ya ƙare ciyawa ta ƙosa. Shi ya sa abincin huɗa tun bazara ake ba da shi, Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ke barin shanu da kara. Na daman nan dai a yanzu ka ba shi hutun kwana uku ko huɗu kafin a sake gwada shi.

Malamin Gona:

Baba na karɓi gyaranka a kan canja gefe, a bar shi sai rani. Malam saura magana ɗaya, cinikin. Tunda ka ga tafiyar ta ninka uku ga laka a kai, ƙarin da suka maka a kan kuɗin huɗa bai biya ko ƙulin da likita ta lissafa ba. Ka koma ka zauna da masu gonar ka musu bayani, ko dai a mai da cinikin na safiya, a biya ka aikin safiya ɗaya ko nawa kuka ci, ko kuma kuɗin eka ya tashi daidai da kwanakin da za ta ɗauka. Inda ruwa ke kwance kuma ka ce musu a tsallake shi sai ya tsane, ku fara da gefen da ya fi tudu.